Miliyan 30 a hannu: tsohon gida a Ɗorayi, fuloti a Janguza, ko fili a Kuje?

Baban Hanifa:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, kuma don Allah waɗanda suka san harkar su tanka, kada a bar ni a hannun dillalai. An raba mana gadon mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, na haɗa kasona da ɗan abin da na tara ya kama naira miliyan 30. Ba na son kuɗin nan su zauna a banki ina kallo suna narkewa. Abu uku aka kawo min.

Akwai tsohon gida a Ɗorayi nan Kano, ginin bulo, sashe biyu kowanne ciki da falo, ga shago biyu a gaba. Masu shi sun ce miliyan 28. Hayar da ake karɓa gaba ɗaya a shekara miliyan 1 da dubu 300 ce. Akwai kuma fuloti biyu manne da juna a bayan Janguza, hanyar Gwarzo, kowanne ƙafa 50 da 75, miliyan 7 kowanne, amma awon igiya ne, ba yankan hukuma ba. Sai wani abokina da ke Abuja ya turo min tallan fili a Kuje, murabba'in mita 500 a kan miliyan 12, kamfani ne ke yankawa, har ana iya biya kaɗan-kaɗan.

Dillalin Janguza ya rantse min nan da shekara uku sai kuɗina sun ninka. Na Kuje ma abin da ya ce ke nan. Ni kuwa kaina ya ɗaure.

Na Kwari:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Alhaji sayi fili ka kwanta ka yi barcinka. Fili ba ya ci, ba ya sha, ba ya kiran ka da tsakar dare ya ce famfo ya fashe. Ni a 2015 na sayi fuloti a wajen Rijiyar Zaki miliyan 1 da rabi, lokacin 'yan'uwa har dariya suke min wai na sayi daji. Watan jiya aka taya shi miliyan 12 na ce albarka. Ninki takwas. Wace sana'a ce za ta ba ka haka kana zaune?

Akanta:
Na Kwari, ba na ja da kai cewa ka yi dabara, amma ninki takwas ɗin nan mu ɗan buɗe cikinsa. A 2015 dala tana wajen naira 200. Miliyan 1 da rabi ɗinka dala 7,500 ke nan. Yau in dala tana naira 1,500, ka raba miliyan 12 da ita, za ka samu dala 8,000. Wato a shekara goma dala 500 ce ta hau kai. Mafi yawan abin da kake gani ba filin ne ya tashi ba, naira ce ta faɗi ƙasa, musamman tun da aka sake ta a watan Yunin 2023.

Na Kwari:
To ni da dala nake cefane? Ka auna min da abin da na sani.

Akanta:
Madalla, mu auna da siminti. Nawa kake sayen buhu a lokacin?

Na Kwari:
1,600 na saya da na yi katanga, ban manta ba.

Akanta:
To a lokacin kuɗin filin zai saya maka buhu 937. Yau in buhu yana 10,000, miliyan 12 buhu 1,200 ce. Ka ga da wannan ma'auni ka ci riba, amma ribar buhu 260 da ɗoriya ce a shekara goma, ba ninki takwas ba. Sai dai in yi maka adalci: da a banki ka bar kuɗin, yau buhu 150 kawai za su saya. Filin ya tsare maka dukiya, wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Abin da nake ƙi shi ne a ɗauki rumbu a kira shi gona.

Maman Ilham:
Akanta ka gama magana. Baban Hanifa, tambayar da ba wanda ya yi maka: kana da wata hanyar samu da za ta riƙe gida, ko kana jiran abin nan ya riƙa kawo maka na cefane da kuɗin makaranta? Domin amsar ta bambanta.

Baban Hanifa:
Hajiya ina da albashi, yana riƙe mu da ƙyar. In abin zai riƙa kawo ɗan wani abu, da na fi so, ko kuɗin makarantar yara ya ɗauke min.

Maman Ilham:
To bari in ba ka labarin gidan haya tun da ina da guda, na gado ne ni ma. A takarda hayarsa dubu 900. Bara ga abin da ya faru. Sokawe ya cika aka kwashe, ashe murfin ya tsage, sai da aka sake zuba shi. Iskar farkon damina ta ɗaga kwano biyar. Mai sashen baya ya tashi da bashin wata bakwai, ya bar min bango kamar an yi girki a jikinsa, sai da na yi fenti, na canza ƙofar banɗaki, sannan ɗakin ya zauna wata uku babu kowa. Ɗayan kuwa mutumin kirki ne, amma ya rasa aiki, matarsa ga tsohon ciki. Ka ce in kai shi kotu? Da na zauna na yi lissafi a ƙarshen shekara, abin da ya shigo hannuna bai kai dubu 400 ba.

Ba ina hana ka ba ne. Amma miliyan 1 da dubu 300 da aka faɗa maka, ka nemi ganin rasit, ka kuma keɓe da 'yan hayar ka tambaye su da bakinsu nawa suke biya, yaushe suka biya na ƙarshe. Shagunan su ne abin so a gidan nan. Mai shago yana tsoron a tashe shi saboda kwastomominsa, shi ya sa ya fi mai ɗaki cika alkawari.

Akanta:
Mu ɗora lissafi a kan maganar Hajiya. Miliyan 28 kuɗin gida ne kawai. Sa la'ada, in kashi 5 ce miliyan 1 da dubu 400. Sa lauya da canjin suna a takarda. Sa gyaran shiga, tsohon gida ba ya rasa miliyan 2 ko fiye. Ka ga ka haura miliyan 31, ka ma wuce abin da ke hannunka. In bayan gyare-gyare miliyan 1 ta tsaya maka a shekara, kashi 3 cikin 100 ke nan da ɗan kai. Hukumar ƙididdiga ta ce a watan Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8. Sukuk, wato takardar zuba jari ta tsarin Musulunci, wanda gwamnatin tarayya ta fitar a 2025 kashi 19.75 yake bayarwa a shekara, na farko a 2017 kashi 16.47 ya bayar. Miliyan 30 a na 2025 za ta kawo kusan miliyan 6 duk shekara, ba sokawe ba fenti.

Injiniya:
Amma Akanta ka faɗi ɗaya rabin. Bayan shekara bakwai, in wa'adin sukuk ɗin ya cika, miliyan 30 ɗinsa za a miƙo masa yadda ya ba da ita, alhali siminti da rodi sun yi gaba. Gidan kuwa yana tafiya tare da kuɗin gini. In ya cinye ribar sukuk ɗin a kuɗin makaranta, uwar kuɗin ta rame.

Akanta:
Haka ne, ban musa ba. Na kawo shi ne don ya zama ma'auni. Duk abin da za ka saya, ka tambayi kanka me ka bari don ka same shi.

Dillali Mai Gaskiya:
Salamu alaikum. Tun ɗazu ina karantawa, na ga an fara da “kada a bar ni a hannun dillalai”. Allah ya ba mu haƙuri. Ranka ya daɗe Baban Hanifa, shekarata 19 a wannan sana'a, bari in faɗa maka abin da masu biro ba za su faɗa ba. Kuɗin da aka sa wa gida daban, kuɗin da aka sallama daban. Wanda ya ce 28 ba 28 yake jira ba. Kada ka tambayi nawa ake sayar da gida a layin, ka tambayi wane gida aka sayar a layin cikin shekarar nan, nawa aka ƙirga a hannu. Mai unguwa ya sani, shaidun da suka sa hannu sun sani, mai shayin bakin layi ma ya sani.

Sannan fuloti biyu a unguwa ɗaya ba kuɗinsu ɗaya ba. Na kan kwana ya fi na tsakiya. Wanda mota za ta shiga har ƙofa ya fi na lungu. Wanda ke kusa da turken wuta ya fi wanda sai ka sayi turaku biyar da kanka. Akwai kuma wanda tsohuwar kududdufi ce aka cike da shara, ido ba zai gane ba da rani, sai ka zo haƙa harsashi ka yi ta fito da leda.

Na Kwari:
“Mai Gaskiya” kai ka raɗa wa kanka ko jama'a suka sa maka?

Dillali Mai Gaskiya:
Alhaji mutanen Kwari da ke cewa “wallahi ban sayo haka ba” su ne za su yi mana gori?

Injiniya:
Ku bar wasan, akwai abin da ban ga an yi ba, wato a mayar da filayen nan ma'auni ɗaya. Ƙafa 50 da 75 murabba'in ƙafa 3,750 ne. Miliyan 7 a kai, kowace ƙafa ta kama kusan naira 1,870. Mita 500 na Kuje kusan murabba'in ƙafa 5,380 ne, miliyan 12 a kai ya kama kusan 2,230. Tazarar ba ta kai yadda sunan Abuja ke sa mutum ya zata ba. Sai dai irin waɗannan rukunin gidaje na kamfani, bayan kuɗin fili galibi akwai kuɗin titi da magudana da wuta da za a ce ka biya kafin ka ɗora bulo ɗaya, wani lokaci ma su ne za su tsara maka irin ginin da za ka yi. Ka sa abokinka ya karɓo jimillar a rubuce.

Game da gidan Ɗorayi, kada ka je da rana tsaka kana sauri. Ka je washegarin ruwa mai ƙarfi. Dubi gindin bango, in fenti yana kumbura yana zubar da farin gari kamar kanwa, ruwa yana hawa ta ƙasa. Ka sa makullin motarka ka kankari bulo a inda babu fulasta, in yana marmashewa kamar ƙuli-ƙulin da ya sha iska, an yi wa siminti rowa. Ka sa yaro ya ɗaga silin ɗaya ka haska katakon rufi, gara ba ta sallama. Sannan ka dubi tsayin titi da tsayin tsakar gida. Tsofaffin gidaje da yawa an yi ta ɗaga titi an bar su a rami, ruwan layi duka gidanka zai kwana.

Barista:
Na makara, ina kotu. Duk lissafin nan yana da kyau, amma a kan takarda yake tsaye. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna. Abin da kake saya haƙƙin zama ne, satifiket ɗin mallaka da gwamnati ke bayarwa ma yawanci na shekara 99 ne. Sashe na 22 ya ce mai satifiket ba zai mayar da shi ga wani ba sai da amincewar gwamna, wannan kuma kuɗi ne da lokaci, a sa shi a lissafi. Sashe na 28 ya ba gwamna ikon karɓe fili don amfanin jama'a. Abin da mutane ba su lura da shi ba, diyyar da dokar ta tanada a kan abin da ka gina ko ka shuka take, ba a kan darajar ƙasar a kasuwa ba. Mai fili fayau, ba gini ba satifiket, shi ne ya fi kowa rauni ranar da titi ya biyo ta kansa.

Awon igiya ba haramun ba ne, rabin Kano a kansa take zaune. Amma arharsa tana da dalili. Gona ce magada ko dillalai suka yanka ba tare da tsarin hukuma ba, takardarka ita ce ta ciniki da sa hannun mai unguwa da shaidu. Kafin ka ba da ko kafin alƙalami, je KANGIS, hukumar adana bayanan filaye ta Kano, a duba ko wurin yana cikin wani shiri na gwamnati, ka kuma tambayi KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar, ko za su ba da izinin gini a wurin.

Kuje kuwa dokarta daban. Tun dokar 1976 da ta kafa babban birnin tarayya, ƙasar Abuja duka ta gwamnatin tarayya ce, minista ne ke bayarwa. Takardar da ta fito daga ƙaramar hukuma ko daga wani basarake ba ta wadatar ba. Kamfanin ya ba ka lambar fayil ɗinsa, lauyanka ya bincika a AGIS, ofishin adana bayanan filayen Abuja. In suka fara cewa “ana kan aikin takardun”, ka riƙe kuɗinka. Kuma mai takarda ma akwai harajin ƙasa a kansa duk shekara. A watan Maris na 2025 hukumar birnin ta sanar da soke takardun filaye 4,794 saboda bashin wannan haraji, har a manyan unguwanni.

Baban Hanifa:
Barista Allah ya saka. Ni ko Kujen ban taɓa zuwa ba, hoto da bidiyo aka turo min.

Maman Ilham:
Cinikin biri a sama ke nan. Cire shi kawai, sai in za ka je ka taka da ƙafarka.

Ɗan Rimin Gata:
Maganar awon igiya ni ta faɗa wa. Na sayi 50 da 50 a wata unguwa da ba sai na faɗa ba, na kai gini linta. Wata safiya maƙwabci ya kira ni, na zo na tarar da jan fenti a bango, an ce ƙafa 15 na gaba hanya ce. Wanda ya yanka gonar ya matse titi ne don ya fitar da ƙarin fuloti biyu. Falona ya tafi. Da na koma wurinsa sai ya ce ai shi ma haka ya gada. Yau shekara huɗu kangon yana nan, awaki ke kwana a ciki.

Sabo Gandu:
To masu satifiket ɗin fa? A watan Yunin 2023 gine-ginen da aka rushe a tsohon otal ɗin Daula da shagunan Filin Idi ba gwamnati ce ta ba da wuraren ba? Wata ta bayar, wata ta zo ta ce ba bisa ƙa'ida ba. A ƙasar nan takarda ma sai addu'a.

Na Kwari:
Ai filayen jama'a ne aka raba, kowa ya sani.

Shugaban Zaure:
Jama'a a tsaya nan. Dokar zaure ta hana siyasa. Wanda zai ja wannan zare ya ja shi a wani wuri.

Barista:
Ba siyasa zan yi ba, darasin ciniki ne kawai. Bayan takarda, ka tambayi me wurin yake kafin a yanka shi. In makaranta ce, ko filin idi, ko maƙabarta, ko jikin ganuwa, ko ƙarƙashin babbar wayar wuta, ka bar shi ko da an haɗa maka da hatimi goma.

Elhaji Maraɗi:
Gaisuwa daga Maraɗi. Ina jin daɗin lissafin Akanta domin mu nan muna ganin abin ta ɗaya gefen. Sefa a ɗaure take da yuro, 655 da 'yan kai, ba ta motsi. Shi ya sa fili a nan ba ya “ninkawa” irin naku, in ya tashi to gari ne ya iso shi. Ina da ɗan'uwa da ya sayi fili a Katsina yana murna ya ninka uku, da ya sayar ya canza zuwa sefa sai ya ga abin da ya zuba ne ya dawo masa, har da ɗan gibi.

Akanta:
Elhaji ka kawo shaidar da ta fi tawa. Kuma kalmarka ita ce maganar: gari ya iso shi. Wannan ce riba ta gaskiya a fili. Janguza tana da abin da ke jan mutane, sabon mazaunin jami'ar Bayero yana kan hanyar, ga bariki, gari kuma yana miƙewa ta nan. Tambayar ita ce ko an riga an sa wannan fatan a cikin miliyan 7 ɗin.

Malam Na Zaure:
Allah ya jiƙan mahaifinka. Abu biyu. Tun da gidan Ɗorayi kun ce “masu shi”, in na gado ne ka tabbatar an raba, kuma kowane magaji, har matan da ke gidan aure da wanda ke tafiya, ya yarda. Na biyu zakka, ita ma tana cikin kuɗin riƙe dukiya. Gidan haya ba a fitar da zakka a kan ginin, sai a kan kuɗin hayar in sun kai nisabi shekara ta zagayo. Filin da aka saya da niyyar sayarwa kuwa hajar kasuwanci ne. A mazhabar Malikiyya, wanda ya ajiye yana jiran kasuwa ta yi kyau zai fitar ta shekara ɗaya ranar da ya sayar. Wasu malaman sun ce duk shekara zai ƙiyasta ya fitar. Ka zauna da malaminka.

Baban Hanifa:
Allah ya gafarta Malam, na gode. Ku ba ni kwana biyu.

Baban Hanifa:
Jama'a na dawo. Jiya aka yi ruwa, yau da sassafe na je Ɗorayi da wani magini. Tsakar gida ba ta tara ruwa ba, alhamdu lillahi, amma bangon sashen baya yana zubar da farin garin da Injiniya ya faɗa, katako uku kuma gara ta ci. Mai shago ɗaya ya ce dubu 250 yake biya, ba 350 da aka faɗa min ba. Mai shayi ya nuna min gidan da aka sayar bayan ƙaramar salla, ya ɗan fi wannan girma, miliyan 24 da rabi. Na taya 23, babban ɗan ya ce albarka amma ya karɓi lambata. Ashe su tara ne, ɗaya tana aure a Zariya, ba a ma gaya mata ana sayarwa ba.

Janguza kuma na tafi da tef. 50 da 75 ɗin nan 48 da 70 na samu.

Injiniya:
Murabba'in ƙafa 3,360 ke nan, an ci maka 390, sama da kashi 10. A farashinsu kusan dubu 730 ya kamata ta sauka a kowane fuloti.

Dillali Mai Gaskiya:
Ranka ya daɗe igiya in ta sha ruwan damina takan ɗan ja jiki. Amma maganar Allah, 23 ka yi ƙasa kaɗan. Ka jira su kira ka, kada kai ka kira. In sun sauko 24 da rabi ka ce da sharaɗin la'ada a kansu.

Barista:
Kuma ko sun sauko 20, ba kobo sai ta Zariya ta zo da kanta ko ta aiko da wakilci a rubuce. Ka turo min hoton takardun gidan ta akwatin sirri in duba maka daren nan.

Maman Ilham:
Ka koma ka tambayi mai ɗaya shagon shi ma, kuma kada ka je tare da babban ɗan.